Akwatin kifi a saman tafki: saƙo daga Kolon zuwa Garwa ta Kamaru

Assalamu alaikum Yaya. Ina gaisuwa, a gaida Inna da yara.

Ka tambaye ni ko hoton nan da na turo ta WhatsApp haɗin waya ne, na kifaye suna yawo cikin gilashi sama da tafki. Wallahi da hannuna aka kafa shi, a lambun wani dattijo da muke yi wa aiki a bayan garin Kolon, nan Jamus.

Ka tuna mashayar kajin Inna, kwalbar da ake kifewa a faranti ruwan ya ƙi zubewa? To ita ce, girma kawai aka ƙara mata. Akwati ne mai bango huɗu da rufi, babu gindi. Muka ɗora shi kan bulo cikin tafkin, bakinsa nutse a ruwa, muka zura tiyo har saman ciki muka zuƙe iskar da inji. Iska na fita, ruwa na hawa, har ya cika fal. Nauyin iskar waje da ke danne fuskar tafkin ne ke riƙe da shi, kuma ƙarfinta ya kai ta ɗaga ruwa kusan mita 10. Namu santimita 60 ne tsayi, faɗi 50 da 50, lita 150 ke nan, wato kilo 150 a sama. Kwana uku kifayen suna tsoronsa. Da muka saka abinci ya taso ciki, sai ga koi, kifin nan mai launi ɗan asalin Japan, ya hau yana kallonmu ido da ido. Dattijon nan sai da ya yi ƙwalla.

Kaya kam, Yaya, sai dai a sara wa mutanen nan. Ka ba da awo, a yanko maka gilashi daidai har milimita, a goge bakinsa. Gam ɗin silikon ma kala-kala ne, an rubuta wanda ya dace da kifi, domin na banɗaki akwai maganin fumfuna a ciki mai kashe su. Abin da ka saya ta intanet kana da kwana 14 ka mayar, sabon kaya kuma doka ta ba shi garanti na shekara 2.

Amma hannun mutum tsada gare shi. Kafin mai sana'a ya zo sai an yi makonni ana jiran rana, zuwan nasa ma da kuɗinsa, kuma yuro ɗaya kusan sefa 656 ne. Shi ya sa kowa ke koyon yi da kansa. Raina ya yi ta zuwa kan masu gilashi da masu walda na gida, waɗanda za ka kai wa zane da safe su haɗa maka kafin la'asar, in ya lalace su zo su duba don mutunci. Wannan ban same shi a nan ba, kuma ina kewarsa.

Ina so ƙwarai a yi wa yara irinsa. Sai dai kada ka ɗora shi kan ramin tarwadarka, ruwan ya yi kore, ba za a ga komai ba. A yi ƙaramin tafki daban, a samo ƙananan karfasa wajen masuntan kogin Binuwai ko na tafkin Lagdo. Su nan ƙanƙara suke tsoro, suna cire akwatin da hunturu kada ya fashe. Mu rana ce matsalarmu: zafin Maris da Afrilu da ke wuce digiri 40 zai dafa ruwan ciki, gansakuka ta rufe gilashin. Dole inuwa, ƙarƙashin dalbejiyar tsakar gida. Kuma ruwa na ƙafewa da sauri. Bakin akwatin na fitowa fili, iska za ta shiga, lita 150 su rikito lokaci guda. A riƙa ƙara ruwa kullum.

Ka je wajen mai gilashi ka tambaya ko yana da mai kaurin milimita 10. Silikon ni zan aiko da shi. Ka auno mini filin gindin bishiyar.

Ƙaninka.