Hattara da masu cewa jakin jitarku ya mutu

'Yan'uwa makaɗa jita, musamman sababbin shiga, ina jan hankalinku kan wata damfara da ta ci ni, kuma na tabbata ba a kaina aka fara ba.

Jitata tana da jaki mai lilo, wato birij ɗin tiremolo, ƙarfen da tsirkiyoyi ke zaune a kansa a jikin jita, mai hannun da ake dannawa ko a ja don sauya murya, ƙirar Floyd Rose na asali. Na daɗe ina amfani da tsirkiya mai lamba 9, sai na ga dama na koma mai lamba 10 don in sami murya mai kauri. Ina gama ɗaurawa na ga bayan jakin ya ɗaga sama kamar zai tsinke daga jikin jitar, tsirkiyoyin sun yi nisa da wuya, yatsa sai ya yi da gaske kafin ya danne su. Hankalina ya tashi. Na ɗauki hoto na sa a intanet ina neman shawara, ba a yi awa ɗaya ba wani ya biyo ni ta saƙon sirri. Ya ce, "Ɗan'uwa, wannan jakin ya gama aiki, sifirin ɗinsa sun mutu, idan ka bar shi haka wuyan jitar ma zai karkace. Ina da orijina sabo fil, kawo in sauya maka."

Ga gaskiyar da ban sani ba a lokacin. Jaki mai lilo tsakanin ja biyu yake zaune. Tsirkiyoyi suna jansa ta gaba, sifirin da ke cikin ramin bayan jita suna jansa ta baya. Tun 1954 da Leo Fender ya fito da jita samfurin Stratocaster haka tsarin yake, Floyd Rose kuma ya zo a ƙarshen shekarun 1970 ya ƙara makulli a sama da ƙasa don kada saiti ya riƙa gocewa. Idan ka sa tsirkiya mai kauri, janta ya fi na da ƙarfi, dole jaki ya ɗaga. Ba abin da ya lalace. Ka buɗe murfin baya, za ka ga sifirin, galibi guda uku, suna rataye a wani ɗan ƙarfe mai haƙora da sukuru biyu suka riƙe. Ka ɗaure sukurun nan biyu kaɗan-kaɗan daidai wa daida, ka sake saita murya, ka duba, ka maimaita, har farantin jakin ya kwanta daidai da fuskar jitar. Idan sun kai ƙarshe bai kwanta ba, a ƙara sifirin na huɗu. Aikin sukurudireba ne da haƙuri.

Ni kuwa na kai masa. Bayan kwana uku ya dawo mini da ita tana sheƙi, jakin ya kwanta lafiya lau, ga sunan kamfanin a rubuce a jikinsa. Na biya kuɗin kaya da na aiki. Da na tambayi tsohon nawa sai ya ce ai ya jefar, tarkace ne. Nan ya kamata in tsaya, amma zaƙin bakinsa ya riga ya ɗaure ni.

Wata biyu ba a cika ba jitar ta fara ƙin komawa saiti. In na danna hannun tiremolo na saki, duk tsirkiyoyin sai su tsaya ƙasa da muryarsu, in na ja sama su tsaya sama. Na kwance tsirkiyoyi na ciro jakin na duba bakin nan guda biyu masu kama da kaifin wuƙa, inda farantin yake jingina da ginshiƙansa. Sun dakushe, sun tattaune, har da ɓarɓashin ƙarfe a gindin ginshiƙan, fentin azurfar ya ɓare wani toka-tokan abu ya bayyana a ƙasa. Na asali da ƙarfe mai tauri da aka gasa ake yin farantinsa, shi ya sa yake shekaru bakin bai mutu ba. Wannan kuwa na kara masa mayen ƙarfe, ko motsi bai yi ba. Tutiya ce aka zuba aka shafe da fenti.

Abin da ya fi ƙona mini rai ya zo daga baya. Ina duba tallace-tallacen mutumin sai ga jakina a ciki, an wanke shi an goge, an rubuta orijina ne an ɗan yi amfani da shi. Na gane shi da wata 'yar ƙarzuwa kusa da ramin hannu, wadda ni na yi ta da alanki, ɗan makullin murɗa sukuru, shekarun baya. Ya karɓi kuɗina ya ba ni jabu, ya kuma sayar da nawa mai kyau. Na yi masa magana da hoton, ya toshe ni.

Irin waɗannan mutane da tsoro suke farauta. Kalmarsu ke nan kullum: wuya ya karkace, jaki ya mutu, firet (siraran ƙarafan da ke gicciye a kan wuyan jita) sun cinye. Kafin ka yarda, ka auna da kanka. Ka danne tsirkiya mai kauri a firet na farko da na ƙarshe, ka dubi tazararta da firet na 8. Kamfanin Fender na ba da shawarar kimanin milimita 0.25 ga yawancin Stratocaster, kamar kaurin ɗan kati. Idan ta wuce haka, sandar ƙarfen cikin wuya ake murɗawa, kwatan zagaye ko ƙasa da haka a lokaci guda, ba wuya ake sauyawa ba. Tsayin tsirkiya a firet na 17 kimanin milimita 1.6 ne, bayan jakin Stratocaster mai lilo kuma ya ɗaga kamar milimita 3.2. Idan jitarka na kusa da waɗannan, ko tana iya kaiwa da murɗa sukuru, wanda ya ce maka sai an sayi sabon kaya yana da wata manufa. Kuma kada ka bari a murɗa ginshiƙan Floyd Rose tsirkiyoyi na ɗaure tam, hakan ma yana cinye bakin farantin.

Gwajin mayen ƙarfe yana tona wasu jabun, amma ba duka ba, domin akwai masu yin faranti da ƙarfe mai laushi wanda zai kama. Sunan da aka buga a jiki ma ba shaida ba ne, nawa jabun yana da shi. Don haka idan dole ka miƙa jitarka ga wanda ba ka sani ba, ka ɗauki hoton jakin sama da ƙasa a gabansa, ka yi wata 'yar alama a ƙarƙashin farantin, ka gaya masa tun farko cewa duk abin da ya cire a hannunka zai dawo. Wanda ya cuce ni har yanzu tallansa na yawo, ya sauya suna sau biyu, amma saƙon da yake tura wa masu tambaya bai sauya ko kalma ɗaya ba.