Filastar nikotin: ta raba ni da sigari, amma ba ta kwana a jikina

Ni ba tari ne ya sa na nemi barin sigari ba, ƙafafuna ne. Da na kwanta sai in ji kamar kiyashi na yawo a cikin ƙwaurina, ba sauƙi sai na motsa ko na tashi na taka. Uwargida kuma ta ce ko barcin ya ɗauke ni, shure-shure nake yi ina cizon haƙora. Likita ya ce nikotin, sinadarin da ke cikin taba, yana hana jiki natsuwa da dare, yana tsananta wannan lalura, kuma mashaya taba sun fi yawan cizon haƙora a barci. Ya sa aka auna sinadarin ayon, wato ƙarfe, na jinina, don ƙarancinsa ma yana kawo lalurar ƙafafun.

A wani babban kemis a Kano na samo filastar, wadda ke sakar wa jiki nikotin ta fata a maimakon sigari. Hawa uku ce: miligiram 21, sai 14, sai 7. Mai shan fiye da kara 10 a rana da babbar yake farawa, ya yi mako 6, sannan mako bibbiyu a kan ƙananan. Ana liƙa ta da safe a damtse ko ƙirji, inda ba gashi, kullum a sauya wuri. Tsakani da Allah tana kashe ƙishin tabar, har na bayan cin abinci, wanda shi na fi tsoro.

Matsalarta dare. An rubuta awa 24 a kwalin, to amma in ta kwana a jikina, ga mafarkai barkatai, ga ƙafafun sun fi da tashi. Mai kemis ɗin ya ce in riƙa ɓare ta bayan sallar isha'i. Da na bi, shure-shuren ya ragu sosai, sai dai ƙishin kan dawo da asuba kafin sabuwar ta kama. Shi ne kuma ya ce in rage shayi da goro, domin wanda ya bar hayaƙi, sinadarin kafeyin da ke cikinsu ya fi daɗewa a jikinsa.

A zafin bazara gumi yana ɗaga gefenta, sai na danne da filastar ciwo. Tana barin jan tabo mai ƙaiƙayi. Ga tsada, kuma ba kowane kemis ke ajiye ƙananan ba, don haka ku tabbatar akwai 14 da 7 kafin ku sayi 21. Mai ciwon zuciya da mai juna biyu su fara ganin likita.