Rigar fukafukan ƙaramin jirgi: ta cancanci kuɗinta?

Matuƙan jirgi 'yan Yamai da aiki ko karatu ya kai arewacin Kanada sukan tarar da matsalar da filin jirgin Diori Hamani bai saba da ita ba, wato raɓar da ke daskarewa kan fukafukai cikin dare. Ko da kaurinta bai wuce na takardar goge katako ba, tana iya rage ƙarfin ɗaga jirgi da kashi 30 cikin ɗari, shi ya sa dokar Kanada ta hana tashi sai fukafukai sun fita tsaf. Haɗarin jirgin sama da ya auku a garin Dryden na Kanada a 1989, wanda ya ci rayuka 24, ya ƙara tsaurara dokar.

A ƙananan filayen daji babu rumfar ajiye jirgi, babu motar fesa ruwan glikol mai zafi da ke narkar da ƙanƙara, saboda haka na gwada rigar nailan da ake lulluɓe fukafukai da jela da ita. Aikinta ya gamsar da ni, domin da safe ana yaye ta a tarar da ƙarfen a bushe, kuma ba ta da nauyin da zai dami ƙaramin jirgi.

Sai dai tana da aibu. Idan aka sanya ta kan jiƙaƙƙen fiffike, takan manne da shi ta daskare, ɗaure igiyoyinta da safar hannu cikin iska kuwa wahala ce. Ba ta kuma maganin ƙanƙarar da ke taruwa a jikin jirgi yayin da yake sararin sama. Ina ba da shawarar sayenta, amma a shafa fiffiken da hannu kafin a tashi don tabbatar da cewa babu ƙanƙara a kansa.