Abincin tarwada: mai tasowa, mai nutsewa ko haɗin gida?

Duk mai kiwon tarwada ya san ba 'ya'yan kifi ne ke cin jari ba, ba kuma tamfol ko ginin siminti ba. Abinci ne. Shi kaɗai yakan lashe kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na abin da za ka kashe kafin kifi ya isa kasuwa. Amma yawancin masu saye tambaya ɗaya suke yi a shago: nawa ne buhu? Tambayar da ta kamata ita ce, kilo nawa na kifi buhun nan zai ba ni?

Ga misali. Buhun abincin kifi yawanci kilo 15 ne. A ce wani abinci, duk kilo 1.1 da kifi ya ci yana ƙara kilo ɗaya na tsoka. Buhu guda zai ba ka kusan kilo 13 da rabi. Wani kuma sai an ci kilo 1.8, wato buhunsa kilo 8 da ɗoriya ke nan. In kuɗin na biyun bai yi ƙasa da kashi 60 cikin ɗari na kuɗin na farko ba, to ba araha ka samu ba, kuma kifin zai daɗe a ruwa kana ƙona man janareta.

Abinci mai tasowa saman ruwa shi ne wanda inji ya dafa da zafi da matsi har ya kumbura, don haka yana saurin narkewa a cikin kifi. Babbar fa'idarsa kuwa ido ne: kana tsaye kana ganin yadda suke wawaso, da sun fara sanyin jiki ka tsayar da hannu. Ranar da suka ƙi tasowa ka san akwai matsala, ko ruwa ya ɓaci ko ciwo ya shigo. Akwai na waje irin su Coppens na Holan da Aller Aqua na Denmak, waɗanda farashinsu ke bin dala. Akwai kuma na gida: Skretting da ke da masana'anta a Ibadan, Blue Crown da Aqualis na kamfanin Olam, Vital na Grand Cereals da ke Jos, da Top Feeds. A ganina, inda tsada ke biyan kuɗinta shi ne makonnin farko. Ƙaramin kifi ba ya cin da yawa, kuma wanda ya tsumbure tun yana ƙarami da wuya ya kamo 'yan'uwansa, sau da yawa ma su ne za su haɗiye shi, don tarwada ba ta san zumunci ba in yunwa ta zo. Saya masa mafi kyawun da aljihunka zai iya, mai furotin (sinadarin gina jiki) kashi 45 cikin ɗari ko sama, ƙwayar daga milimita 0.8 zuwa 2. Daga milimita 3 zuwa 4, 6 har 9, na gida mai furotin wajen kashi 40 zuwa 42 ya wadatar. Ka riƙa duba bakin mafi ƙanƙanta a tafkin kafin ka ƙara girman ƙwaya.

Mai nutsewa ya fi sauƙin kuɗi, amma ba ka ganin abin da aka ci da abin da aka bari. A tankin siminti ko tamfol, ragowar na ruɓewa a ƙasa, ruwa ya yi wari, kifi ya daina ci, kai kuma ka ninka sauya ruwa. A ramin ƙasa mai faɗi, ga kifin da ya haura rabin kilo, yana yi, muddin kana zubawa a wuri ɗaya kaɗan-kaɗan.

Haɗin gida kuwa sai mai kifi da yawa kuma mai haƙuri. Masara, waken suya, ƙuli-ƙuli, garin kifi da dusa duk suna kasuwanninmu. Sai dai dole a soya waken suya, don ɗanyensa na hana narkewar furotin. Ƙuli-ƙuli mai funfuna guba ne ga hantar kifi. Garin kifi kuma akan cakuɗa shi da yashi. Hanjin kaji, in za ka ba su, a dafa tukuna, kuma ƙari ne kawai. Kada ka gwada ko ɗaya a kan 'ya'yan kifi.

Mai karfasa ba ya bukatar wannan tsada, furotin kashi 28 zuwa 32 ya ishi manyanta. Mai kifin ado a akwatin gilashi shi ma kada ya ɗebo na tarwada, maiƙonsa zai dagula ruwan. Ya nemi ɗan gwangwanin da aka yi domin su, ya ba su abin da za su cinye cikin minti biyu.

Kada ka jibge buhuna gab da hunturu. Daga Disamba zuwa Janairu ruwa na sanyi, cin tarwada na raguwa sosai, sai rana ta ɗaga suke ɗan tasowa, abincin da ya daɗe a ajiye kuma mansa na lalacewa. A shago ka duba ranar da aka yi shi, ka duba ɗinkin bakin buhu ko an farke an sake. Ka sa a buɗe ka sunsuna: ƙarnin kifi ake so, ban da tsami ko warin funfuna. In gari ya taru a gindin buhu, bar shi. Sannan ka jefa 'yan ƙwayoyi a kofin ruwa, in an ce mai tasowa ne amma rabi ya nutse nan take, nemi wani buhun.