Kafin ka sayi kayan ƙira: uwar maƙera, murhu da iska

Mai son fara ƙira a gida, ko don gyaran fartanya da lauje ko don ya ƙera wuƙa da hannunsa, yakan fara da tambayar kuɗin murhu. Alhali murhun gawayi shi ne mafi arha a cikin kayan. Inda ya kamata kuɗi da lura su tafi shi ne uwar maƙera, sannan hanyar ba wuta iska.

Uwar maƙera iri uku za ka tarar a kasuwa. Akwai ta ƙasar waje mai ƙaho da rami, wadda aka yi da ƙarfe mai tauri. Tana da tsada, amma in ka same ta da lafiya har jikoki za su gaje ta. Akwai mai kama da ita a ido, an shafe ta da fenti, amma zubin ƙarfe ne mai gautsi irin na bulok ɗin inji. Wannan ita ce tarkon sabon shiga: fuskarta na loɓawa, gefenta na ɓantarewa, kuma tana shanye ƙarfin dukanka. Kada ka yarda da fenti. Ka je da ƙwallon boris a aljihu, ka goge fuskar, ka saki ƙwallon daga tsayin santimita 25. In ya yi tsalle ya dawo santimita 18 ko fiye, ƙarfen na da kyau. In bai kai rabi ba, ka bar ta. Ka kuma ƙwanƙwasa ta da ƙaramar guduma a wurare daban-daban. Inda ƙarar ta mutu alhali sauran wurare na amo, akwai tsaga a ɓoye.

Na ukun shi ne guntun ƙarfe mai nauyi daga wajen 'yan gwangwan, irin wanda ake samu a Panteka ta Kaduna, Ƙofar Ruwa a Kano ko kasuwar Katako a Yamai. Ga mai farawa wannan ya fi. Guntun aksul na babbar mota mai faɗin santimita 8 zuwa 10, ko kan babbar guduma mai kilo 5 zuwa 8 da aka kafe a kututture, zai yi aikin wuƙa, ƙusa da bakin fartanya. Abin da ake nema shi ne nauyi ya taru a ƙarƙashin inda guduma ke sauka, ba faɗin fuska ba. Shi ya sa ake tsayar da dogon ƙarfe a tsaye a yi duka a kansa, maimakon a kwantar da shi yana rawa. Tsoffin maƙeranmu haka suka yi: ƙaramar uwar maƙera a kafe cikin icen da aka binne a ƙasa, suna zaune suna aiki. In a tsaye za ka yi aiki, fuskarta ta zo daidai da dunƙulen hannunka idan ka sake shi ƙasa. Ƙarfen layin dogo yana yi, amma sau da yawa na sata ne, kuma samunsa a hannunka na iya kai ka gaban hukuma. In babu takardar da ta nuna halalcinsa, kada ka taɓa.

Batun murhu, zaɓi tsakanin gawayi ne da gas. Murhun gas ba ya hayaƙi, yana kamawa da sauri, zafinsa kuma ba ya hawa da sauka. Sai dai bakinsa ƙarami ne, garma ko babbar fartanya ba za ta shiga ba. Yana buƙatar rufin audugar jure wuta mai kaurin santimita 5, wadda dole a dalaye ta da shafe na musamman don kada ƙurarta ta shiga huhu. Regileta ta girki ma ba za ta ba shi ƙarfin da yake so ba, sai an nemo mai ƙarfi. Tukunyar kilo 12.5 kuma in aka daɗe ana jan ta takan yi sanyi har raɓa ta kwanta mata, wutar ta yi rauni. Wanda ke zaune a gidan haya cikin gari, aikinsa kuma ƙananan wuƙaƙe ne, gas zai iya yi masa. Saura duk gawayi ya fi musu.

Murhun gawayi ba a ma sayensa. Rami a ƙasa, ko akwati mai zurfin santimita 20 da aka cika da yumɓu haɗe da yashi da toka, ya wadatar. A kwarfe tsakiya kamar kwano mai faɗin tafin hannu biyu, a shigo da bututun iska ta gefe, mai faɗin rami santimita 2 zuwa 2.5, bakinsa ya ɗan duƙa ƙasa. A bar yumɓun ya bushe sosai kafin wutar farko, in ba haka ba zai tsattsage. Abu biyu ne ba a kawo su kusa. Siminti yana fashewa da zafi ya watso tsakuwa a fuska. Bututun ruwa mai farin shafe kuma, in ya yi zafi, yana fitar da farin hayaƙi mai sa zazzaɓi da ciwon ƙirji. A nemi baƙin bututu, ko a gina bakin da yumɓu. Kuma kowane irin murhu ne, ba a hura shi a ɗaki rufe, don iskar gubar da wutar ke fitarwa tana kisa, kuma ba ta da wari.

Gawayin ƙirya ne maƙera suka fi so saboda nauyinsa da daɗewarsa, na marke na biye. Ka ɗaga buhun: mai nauyi, mai ƙara in an buga guda biyu, shi ne na ƙwarai. A farfasa shi ya koma kamar girman goro, a tankaɗe garin. Manyan gutsattsari suna barin iska ta ratsa ta taɓa ƙarfe kai tsaye, sai ya yi ta ɓawo yana cinyewa.

Iska kuwa gawayi ba ya son ta da yawa. Zuga-zugin fatar akuya ba ya neman wutar lantarki ko batir, kuma da ka daina zuga wutar ta lafa, gawayi ya huta. Illarsa, yana son yaro mai zuga, fatar kuma sai ana shafa mata mai. Fankar hannu da ake juyawa da wilin keke da bel ta fi dacewa da mai aiki shi kaɗai. Kafin ka biya, ka juya ka saki, in ta ci gaba da juyi ba gurnani to boris ɗinta lafiya. Fankar hitar mota mai bolt 12 tana aiki da batir ko sola, amma in ba ka sa mata makunni kusa da hannu da murfin rage iska ba, za ta cinye maka gawayi a banza. Kana waiwayawa kuma sai ka ga ƙarfenka na tartsatsin fari, ya riga ya ƙone.

Guduma ta kilo ɗaya ta isa. Mai nauyin da ya wuce kilo ɗaya da rabi gajiyar da gwiwar hannu take yi, duka kuma ya karkace. A goge kaifin gefen fuskarta da magagari don kada ta bar sawu. Awartaki guda ɗaya za ka saya, wanda bakinsa ya kama irin ƙarfen da za ka fi aiki da shi ba tare da motsi ba. Sauran ka ƙera da kanka da rodi.

Rodi na awartaki da maratayi ne, ba na kaifi ba, don ba a san haɗinsa ba. Na wuƙa da gatari sifirin mota ne ko tsohon magagari. Ka duba sifirin da kyau, wanda ya karye a kan hanya yakan ɓoye wasu tsagogin. Gwaji kafin sayen mai yawa: ka yanki ɗan guntu, ka gasa shi har maganaɗisu ya daina kama shi, wato wajen digiri 770 a ma'aunin Salshiyas, ka ɗan ƙara masa zafi kaɗan, ka tsoma a man gyaɗa mai ɗumi. In magagari ya zame a kansa bai ci ba, ƙarfen zai riƙe kaifi. In aka tsoma a ruwa yakan tsaga sifirin, baƙin man inji kuma hayaƙinsa guba ne. Bayan tsomawa a goge shi, a sake ɗumama shi a hankali har ya yi launin kara, wajen digiri 220, in ba haka ba bakin zai ɓalle a saran farko.