Makullin kabad na roba mai gam: ya riƙe har zafi ya shigo

Duk mai kyanwa a gida ya san ba a barin busasshen kifi a fili a je barci. Tawa ta wuce wannan matakin, ta koyi buɗe kabad da kanta. Kwanciya take a gefe, ta zura farce ƙarƙashin murfin, ta yi ta ja har ya buɗe. Durowar cokula kuwa ba ta wahalar da kanta, ta kabad ɗin ƙasa take shiga ta haye ta baya, sai ki jawo durowa ki tarar da gashi a kan ludayi.

Shi ya sa na sayi makullan nan na roba da ake yi don yara masu rarrafe, farare masu ɗan madauri, gam a kowane kai, da maɓallin da ake dannawa. A babbar kasuwar Maraɗi na same su, wajen masu kayan roba da ke shigo da kaya daga Kano ta Jibiya da Ɗan Isa. Mai shagon har da dukan ƙirji: "Hajiya, ɗan shekara uku ma ba ya ɓalle wannan, balle mussa."

Yadda takardar ta ce haka na yi. Na wanke maiƙon jikin katakon da omo, na goge da alkol na famasi, na bari ya bushe, na manna na danne da ƙarfi, sannan na ƙyale shi awa 24 ban taɓa ba. Kuma wallahi duk tsawon hunturu ya yi aiki. Ta zo ta ja, murfin ya buɗe kamar faɗin yatsa biyu ya tsaya cak, ta zauna tana kuka tana harara ta. Har tallarsa na yi wa matan unguwarmu a WhatsApp, wasu suka saya saboda ni.

Ba satar kaɗai ta dame ni ba. A kabad ɗin ƙasa nake ajiye albasar Galmi da tafarnuwa, kuma su biyun guba ne ga kyanwa, ɗanye ko dafaffe ko garinsu, suna lalata mata jajayen ƙwayoyin jini. Can ƙurya kuma akwai maganin ɓera.

To, sai watan Afrilu ya kama. Kun san Maraɗi a wannan lokacin, zafi ya haura 40, madafata kuma rufin kwano ce. Inna, mahaifiyar maigida, ta zo daga Dakwaro da tsarabar cuku, maigida kuma ya sayo kilishi na musamman saboda ita. Na naɗe su a takarda na sa a kabad ɗin da ke kusa da murhun gas, na danna makulli, hankalina kwance. Bayan azahar wuta ta ɗauke, kowa ya fita inuwar darbejiya. Da la'asar Inna ta ce, "Ƴata, kawo mini kilishin nan in ɗan taɓa." Ina shiga na ga madaurin yana lilo a jikin murfi, gam ɗin ya narke ya yi tsawo kamar cingam. Takarda a yage a ƙasa, cukun duk an gaggatsa gefensa, kilishin kuwa sai ɗan guntu da yawu a kai. Ita kuma gwanar tana cikin durowar tsummokin goge kwano, ta miƙe ƙafa tana barci.

Kunyar da na ji gaban surukata ba ta faɗuwa. Inna dariya kawai ta yi ta ce, "Rabonta ne, ki bar ta." Amma wannan dariyar ta fi mini faɗa ciwo. Ga wani tashin hankalin: labun kilishi akwai albasa da yaji a ciki. Da dare ta yi ta amai, washegari na ɗauke ta a kwali sai wurin likitan dabbobi. Ya ce illar albasa ba ta nunawa nan take, in riƙa ɗaga leɓenta ina duba dasashi, in ya yi fari ko fitsarinta ya yi ja in dawo da ita da sauri. Allah ya taƙaita, ta warware. Kuɗin adaidaita da na magani sun ninka kuɗin makullan.

Na koma wurin mai shago da madaurin a hannu. Mutumin da ya rantse mini sai cewa ya yi, "Ai Hajiya na yara ne, ba a rubuta na mussa ba." Ko tayin canji bai yi ba.

In za a yi adalci, robar kanta ba ta karye ba, maɓallin ma lafiyarsa lau. Wanda na manna a firigo da na kabad ɗin da ke nesa da wuta har yau suna nan daram. Wadda madafarta ke da silin da iska, wataƙila ta ji daɗinsa shekara guda cur. Har na so in ce ku saya, ku dai nisanta shi da murhu.

Sai dai da na zo kankare ragowar gam ɗin, ya taso da fentin kabad ɗin gaba ɗaya, yanzu tabo biyu ne a gaban murfin, duk wanda ya shigo sai ya tambaya. Kuma ko lokacin da yake riƙewa, ƴar kafar da madaurin ke bari ta ishe ta zura hannu ta jawo ledar daddawa. Maganar hawa ta bayan durowa kuwa, makullin bai san da ita ba sam.

Kafintan layinmu ne ya raba gardamar. Ya kafa ƙananan sakatu na ƙarfe da kusa mai murɗi a kowane murfi, ya buga falle na katako tsakanin kabad da durowa ya toshe hanyar bayan. Kilishi da cuku kuma sun koma cikin kwano mai murfin da ke ɗamewa. Makullan da suka rage a leda ban ma buɗe su ba, duk mai so ta aiko yaro ya karɓa, amma kada wadda ta kira ni in bazara ta zo.