Wane Gwaji Za Ka Ɗauka Idan Bayananka Ba Su Dace da Gwajin t Ba?

Ɗalibai da yawa idan sun kai babi na huɗu na furojet, sai su kwashi takardun tambayoyin da suka raba su kai shagon kwamfuta, a buga musu gwajin t ko ANOVA (gwaje-gwajen ƙididdiga na kwatanta rukunoni), su biya su tafi. Abin yana damuna, domin waɗannan gwaje-gwajen an gina su ne a kan matsakaici, shi kuwa matsakaici abu kaɗan ke karkatar da shi.

A ce ka tambayi 'yan kasuwa biyar abin da suke samu a wata: naira dubu 20, dubu 25, dubu 25, dubu 30, sai wani babban dila mai dubu 900. Matsakaicinsu dubu 200 ne, alhali huɗu daga cikinsu ko kusa da haka ba su je ba. To ka jera su daga ƙarami zuwa babba, ka ba kowa lambar matsayinsa. Mai dubu 20 shi ne na 1, mai dubu 30 na 4, dila na 5. Su biyun da suka yi kunnen doki sun tare gurbi na 2 da na 3, sai a raba musu, kowa ya tashi da 2.5. Yanzu dilan taki ɗaya kawai ya ba na bayansa. A kan wannan jeri aka gina kusan dukkan gwaje-gwajen da zan kwatanta, shi ya sa ba sa neman sai bayananka sun bi rarrabuwar nan mai siffar ƙararrawa, wadda yawancin lambobi ke taruwa a tsakiya, su yi ta raguwa a gefe biyu.

Abin da zai zaɓa maka gwaji shi ne yadda ka tattara bayanan. Idan rukuni biyu ne da ba ruwan wani da wani, kamar manoman ƙauye biyu, ka ɗauki gwajin Mann-Whitney, wanda Henry Mann da Donald Whitney suka fitar a 1947. Ana haɗa mutanen duka a jeri ɗaya, sannan a duba ko wani rukuni ya fi tattaruwa a sama. Sai dai ka kula da yadda za ka rubuta sakamakon. Abin da gwajin ke nunawa shi ne ko 'yan wannan rukuni sun saba fin 'yan wancan. Ba za ka ce lambar tsakiya (wadda ke faɗowa a tsakiyar jeri) ta bambanta ba sai in rarrabuwar rukunonin biyu ta yi kama da juna.

Idan kuwa mutanen nan ɗaya ka auna sau biyu, kamar awon jinin marasa lafiya kafin magani da bayansa, naka shi ne gwajin Wilcoxon na ma'aurata, wato awo biyu-biyu na mutum ɗaya. A nan aka fi yin kuskure, domin Frank Wilcoxon, masanin sinadarai a Amurka, ya gabatar da gwaji biyu ne a maƙala ɗaya a 1945, na rukunoni masu zaman kansu da na awo biyu a jikin mutum ɗaya. Na farkon tagwayen Mann-Whitney ne, amsa ɗaya suke bayarwa. Don haka duk wanda ya ce maka ya yi Wilcoxon, ka tambaye shi wanne.

Akwai kuma gwajin alama, wanda ya girme su duka: John Arbuthnot ya yi irin wannan lissafi a 1710, da ya ga shekara 82 a jere ana haifar maza fiye da mata a Landan. Gwajin alama ƙirga wa ya ƙaru da wa ya ragu tsakanin awo biyu kawai yake yi. Ƙarfinsa bai kai na Wilcoxon ba, amma ni shi nake so idan amsar tambaya ɗaya ce mai matakai biyar, daga "na yarda sosai" zuwa "ban yarda ba sam", domin babu wanda ya auna tazarar da ke tsakanin waɗannan matakan.

Rukuni uku ko fiye, sai Kruskal-Wallis na 1952. Zai faɗa maka akwai bambanci, amma ba zai nuna tsakanin wa da wa ba, sai ka bi shi da gwajin Dunn. In mutum goma ne kowa ya ɗanɗana shinkafa iri uku ya jera su, gwajin Friedman ne, na 1937. Alaƙa tsakanin abu biyu kuma, Spearman na 1904 ya ishe ka.

Me za ka rasa in ka koma kan jeri? Kaɗan ne. Ko da bayanan sun cika sharuɗɗan gwajin t tsaf, ingancin Mann-Whitney ya kai kusan kashi 95 cikin 100 nasa, in kuma akwai irin dilan can, yakan fi shi nesa ba kusa ba. Gwajin alama ne ke sauka zuwa kusan kashi 64. Amma jeri ba ya maganin ƙarancin mutane. Da ma'aurata biyar kacal, ƙimar p (lambar da ake so ta sauka ƙasa da 0.05 kafin a ce akwai bambanci) mafi ƙanƙanta da Wilcoxon mai fuska biyu (mai duba ƙaruwa da raguwa duka) zai iya bayarwa ita ce 0.0625, wato ba za ta taɓa sauka ƙasa da 0.05 ba komai girman bambancin. Ka lissafa wannan tun kafin ka fita tattara bayanai.

Saura manhaja. SPSS tana da su duka kuma malamai sun saba da ita, sai dai lasisinta na kuɗi ne. Excel za ta jera maka lambobi da RANK.AVG, amma ba ta zo da Mann-Whitney ko Kruskal-Wallis a shirye ba, da hannu za ka ƙarasa. R kyauta ce kuma ba abin da ta rasa, amma sai ka koyi rubuta umarni, kuma umarni ɗaya, wilcox.test, shi ke yin Wilcoxon biyun nan, don haka dole ka gaya mata ko ma'aurata ne. Ga ɗalibin da lokaci ya ƙure masa, shawarata jamovi ko JASP. Dukansu kyauta ne, da danne-danne ake aiki da su kamar SPSS, kuma Mann-Whitney yana nan cikin shafin gwajin t, akwati ɗaya za ka latsa ya fito.